Laifi na Uku

Saura kaɗan mu hau babban titi Dencio ya ɗaga hannu. Na taka birki a hankali don kada akwatin gawar ya zame. Mutanen da ke biye da ni a ƙasa, kowa da lemarsa, su ma suka tsaya.

"Nante, ina zuwa?"

"Kana gani ai, Kuya."

"Ina gani. Shi ya sa na tambaya."

Dencio, wanda nake kira Kuya, wato yaya, jami'in hanya ne na ƙaramar hukumarmu, mai riga ruwan ɗorawa da littafin tara a aljihun gaba. Wanda ke cikin akwatin kuma Mang Eliong ne, maƙwabcinmu. Bangon kwano ɗaya ya raba ɗakina da nasa, tarinsa ke tashina da safe. Shekara talatin da ɗaya yana haya da wannan babur mai ƙafa uku. Da huhunsa ya gaza, ni kuma na gama sakandare ina zaman banza, ya miƙo min makulli, ya sa aka rubuta ni direba a ƙarƙashin lasisinsa.

Lasisin nan shi ne abincin matarsa, Aling Pasing. Shi ne nawa. Kansiloli sun daina ba da sabo. Bara suka hana masu ƙafa uku hawa babban titi, suka ce lasisin da ya yi laifi uku an soke shi. Mang Eliong ya yi biyu cikin wata guda. Wai ya girmi dokar.

Maƙabartarmu kuwa sai an ɗan bi babban titin sannan a tsallaka. Bayanta kogi ne, ba wata hanya.

Kwana huɗu kafin ya rasu na kai masa kunun shinkafa. Ya rame har zoben aurensa ya koma babban yatsa.

"Kada ku sa ni a farar motar gawan nan mai kiɗa," ya ce. "Ban shiga motar kowa ina tsaye ba, ba zan fara a kwance ba. A nawa za ka kai ni."

"Titin fa, Mang Eliong?"

"Kai ta shafa. Ni na riga na mutu."

Ya yi dariya har tari ya ci ƙarfinsa. Aling Pasing tana bakin murhu, tana jin mu.

Ranar biso na kwance rufin keken da ke manne a gefen babur ɗin da kujerar fasinja, na shimfiɗa katako, muka ɗaure akwatin. Ni na ce a fito sha biyun rana, lokacin da Dencio ke tafiya cin abinci. Ranar bai je ba. Ledar abincinsa na rataye a jikin turken fitilar titi.

Ya nuna saman turken da leɓe. "Ka ga kamarar can? Ofis take kai hoto. In na kau da kai, gobe ni za a tuɓe wa riga. In na rubuta, na uku ke nan. Ku juya kawai, a kira mota."

Da ya ce a juya sai hayaniya ta tashi. An riga an fasa tukunya a ƙofar gida bayan fitar gawar, bisa al'adarmu. Gawar da ta bar gida ba ta waiwaye, in ta koma wani za ta ɗauko.

Aling Pasing ta ratso mutane, baƙin gyalenta ya jiƙe da gumi.

"Dencio, ɗan Marcing. Gidanku za mu juya da shi? Kana da gadon baƙo?"

Ya yi alamar gicciye da sauri. "Haba, Aling Pasing. Aiki ne."

"Mu sauke shi mu ɗauka a kafaɗa," in ji Mang Turing, shugaban layin da muke jiran fasinja. "Ai ba nauyi gare shi ba, taba ta cinye rabinsa."

"A nasa ya ce." Aling Pasing ta dube ni. "Ja mu je, Nante. In sun soke, sun soke. Hannuna bai manta wankau ba."

Na kalli hannun nata. Yatsun duk sun karkace.

Gaskiya ba ita kaɗai na tuna ba. Na tuna shekara biyun da na yi a kan bencin ƙofar gidanmu, ina kallon masu tafiya aiki. Injin na rawa a ƙarƙashina. Na ji haushin mamacin, na ji kunyar haushin.

"Kuya, karanta min dokar."

"Ba ka ci jarrabawarta ba?"

"Karanta dai."

Ya juya bayan littafinsa, ya bi layin da yatsa. "An haramta tuƙa babur mai ƙafa uku a kan babban titi."

"Tuƙa."

"Haka na ce."

Na kashe injin. Na sauko, na zare makulli na sa masa a tafin hannu. Na kama kan babur ɗin da hannu biyu.

"Turi zan yi."

Ya kalli makullin, ya kalli kamarar, ya sake karanta layin a ransa, leɓensa na motsi.

"Ashe makarantar nan ba asara aka yi ba," in ji Mang Turing.

"Ɗuwawunka ya taɓa kujerar nan," Dencio ya ce, "ko da kuskure, na rubuta."

"Na ji."

Sannan Dencio ya shiga tsakiyar titi ya busa usur, ya tsayar da bas da wata babbar mota cike da kwakwa.

Wurin da ɗan hawa, ban taɓa lura ba sai ranar. Mang Turing da direbobi uku suka sa kafaɗa a baya. Aling Pasing ta kai hannu za ta taya mu, mata suka janye ta, don dangi ba sa ɗaukar nasu. Kwalta ta yi zafi har ina jin ta ta cikin silifas. Ba wanda ya danna oda. Direban bas ɗin ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

Da tayar baya ta sauka kan tsakuwar maƙabarta, na saki kan babur ɗin. Na durƙusa don gajiya. Mutane suka ɗauka kuka nake, na bar su a haka.

Bayan an rufe shi an watse, na tarar da Dencio a bakin ƙofa yana cin shinkafarsa a tsaye. Ya jefo min makullin. Littafin na aljihunsa, ko buɗe shi bai yi ba.

"Komawa ma turi ne, malamin doka."

"Na sani."

Aling Pasing ta fito a ƙarshe, tana ɗingishi cikin takalmin cocinta. Ta tsaya ta kalli katakon da ba kowa a kai. Ta cire takalman, ta hau ta zauna, ta ajiye su a cinya.

Na tura. Yanzu gangara ce. Ƙafafunta na lilo, sun kusa taɓa kwalta.