Yatsu a Kan Benci

A gabana aka ƙulla maganar, ina durƙushe a ofishin Hedimasta ina auna bango, domin yana so in haɗa masa kabad mai gilashi. Abin da zai jera a ciki kuwa kwamfutocin hannu ne da aka aiko wa makarantar don koyar da lissafi. Tun zuwansu suna cikin ledarsu, sai an yi baƙi ake fito da su a nuna.

Malamar aji uku ta shigo ta ce, "Ranka ya daɗe, ka ba ni su zango ɗaya."

Hedimasta ya ce, "In ba wa yaran da ke tauna murfin biro?"

"In zango ya ƙare ka yi musu tambaya da kanka, ba na'ura, daga allo sai alli. In sun kasa, a mayar cikin leda, ba zan ƙara roƙo ba."

Ya juyo gare ni yana dariya. "Kafinta, kai ne shaida. Naɗe tef ɗinka, ƙarshen zango ka dawo mu yi kabad."

Na ci gaba da gyaran tagoginsu, ina leƙen ajin. Abin ba wuya: sai katako ya fito a fuskar na'urar, yaro ya ja yatsa ya yanka shi biyu ko huɗu, ya jawo gutsuren ya haɗa da wani. In ya kuskure, katakon ya koma ya haɗe, yaron ya sake gwadawa. Ba bulala, ba mai yi masa dariya. Jikata tana ajin. A da duk ranar lissafi ciwon ciki ke tashe ta. Sai ga shi ciwon ya warke ba magani.

Ranar gwaji aka kira ni. Hedimasta ya kwashe na'urorin, ya rubuta a allo: rabi a tara da kwata.

Nan take duk ajin suka sunkuya, kowa na jan yatsa a kan benci. Ya daki tebur.

"Wasa na kawo ku? Kowa ya naɗe hannu a ƙirji!"

Shi a wurinsa yaro mai karatu shi ne wanda ya zauna ƙyam kamar an dasa shi. Suka naɗe. Suka tsaya kallon allon kamar yau suka fara ganinsa. Jikata ta waiwayo ni, idonta ya kawo ruwa. Hedimasta ya fara laluben aljihu, yana neman mukullin akwatin da ake kulle na'urorin.

Malama ta ce, "Ranka ya daɗe, mun ce ba na'ura. Ba mu ce ba yatsa ba."

"Kafinta, yaya aka yi?"

Na ga kabad ɗina yana ɗaga mini hannun bankwana daga nesa. Na ce, "Ni dai na ji allo, na ji alli. Hannu a ƙirji kam bai shigo kunnena ba."

Ya harare ni. "To, ku sauke."

Yatsu suka koma aiki. Kafin ya goge allin hannunsa jikata ta miƙe: "Kwata uku!"

Ya ƙara wata mai tsauri, wani daga baya ya cafke. Ya ƙara, hannuwa suka tashi ta ko'ina, har da masu hawa benci. Ya tako wurin jikata.

"Ke, wa ya faɗa miki?"

"Yankawa na yi, na haɗa."

"A ina?"

Ta nuna masa bencin. Ya duba sama, ya leƙa ƙasa ko an ɓoye takarda. Bai samu komai ba sai ƙusar da na buga bara. Ya miƙe, ya gyara hula, ya ajiye mukullin a teburin Malama.

"A riƙa goge su dai," in ji shi.

Ajin ya ɓarke da ihu, bai ce a yi shiru ba.

Malama ta samu mukulli, yara sun samu kayansu, jikata ta samu lafiyar ciki. Hedimasta ya rasa abin nuna wa baƙi, sai dai yanzu aji uku yake kai su. Ni kaɗai na tashi ba aikin kabad, kuma har yau gilashin da na riga na yanko yana jingine a shagona.