Lakar Ƙofar Shagon Kawu

A ofis Injiniya ake ce mata, amma ranar da ta sauko daga motar aiki a layin da aka haife ta, da hular kwano a ka, kowa Auta ya kira ta. Ita aka ɗora wa tsara titin. Mutanen layin sun zaci motocin kwalta za su gani, sai ga ta ta sa leburori suna haƙa ramuka a tsakiyar hanya, tana ɗibar ƙasa a buhuna.

"Auta, kwalta fa muka roƙa, ba rijiya ba," in ji Kawu, ƙanin mahaifiyarta, mai shagon ɗinki a tsakiyar layin.

"Kawu, kwalta riga ce kawai. Bari na fara auna mai sa ta."

Gwaji ya nuna abin da take tsoro: laka ce, irin mai kumbura in ta sha ruwa, ta tsattsage in ta bushe. Ta sa aka kwashe ta, aka kawo jar ƙasa. Ana shimfiɗawa kaɗan-kaɗan, a yayyafa ruwa, rola ta bi ta danne, sannan a ƙara wata. Aka gina lambatu hagu da dama, aka ɗan ɗaga tsakiyar hanyar don ruwa ya san inda zai nufa.

Kafin a zuba tsakuwa, ta sa aka cika tifa maƙil da yashi, direba ya ja ta a hankali, ita kuma tana biye a ƙasa, idonta a kan tayoyin baya. Ƙasar ta riƙe ko'ina. Suna isa ƙofar shagon Kawu sai ta ga wurin ya lotsa, ya sake tasowa kamar katifa. Ta ɗaga wa direba hannu ya tsaya.

Shugaban leburori ya matso kusa da ita. "Injiniya, ɗan wannan? Kwalta zai rufe shi, ba mai gani."

"Damina za ta gani. A tone."

Kawu ya fito da almakashi a hannu yana faɗa. Ga kayan mutane jibge, in aka toshe masa ƙofa ta ina za su shigo? Har gida ya kai ƙararta wurin Inna, mahaifiyarta. Inna ta ce ita ba ta san aikin titi ba, amma ta san 'yarta ba ta barin tukunya da ƙanzo.

Motar haƙa ta kafa haƙoranta. Ashe tsohon kududdufi ne a wurin, aka cike shi da shara tun Auta ba ta yi wayo ba. Baƙin ruwa ya taso da wari, robobi suka fito, sai kuma ƙyallaye, tuli guda, masu launi iri-iri. Wata maƙwabciya ta leƙa ramin.

"La! Wannan ai ragowar atamfata ce! Tela, nan kake zubarwa?"

Layin ya ɗauki dariya. Kawu ya sosa ƙeya, ya koma shago. Can sai ga shi da kujera da ruwan sanyi, ya ajiye wa Auta a inuwa.

Aka kwashe dattin tas, aka cike ramin da duwatsu da jar ƙasa gauraye da siminti. Da tifar ta sake bi ta kai, ko gezau. Direban ya danna oda, leburori suka ɗaga shebur sama suna ihu. Tsakuwa ta biyo baya, sannan kwalta mai zafi yana tururi.

Ruwan farko da ya sauka kamar da bakin ƙwarya ya zo. Auta ta tsaya a barandar Inna tana kallo: ruwan na gangarowa daga tsakiyar titi, ya faɗa lambatu ya wuce abinsa. Ko ɗan tafki bai kwanta ba.

Yana ɗaukewa, Inna ta zura fararen silifas, ta tafi dubo wata ƙawarta marar lafiya a ƙarshen layi. Da ta dawo ta cire ɗaya, ta juya shi a gaban matan da suka taru a ƙofar gida.

"Ku duba, ko ɗigon taɓo!" Ta waiwayo da murya sama. "Injiniya, fito su gan ki!"