Wata Biyar Tsakani

Tun a bakin ƙofa aka karɓe wa Tela wayarta. Mai gadi ya jefa ta cikin wani ɗan akwati, ya miƙo mata lamba ta roba, ya nuna mata hanya da haɓa. Ta shiga ɗakin jira na ofishin biza da jakar takardu rungume a ƙirji, 'yan matanta biyu na biye da ita cikin riguna iri ɗaya, shuɗi mai ɗigon fari, waɗanda ta ɗinka musu saboda wannan rana. Babbar ana ce mata Wushirya, ƙaramar Kumatu, kuma duk wanda ya kalle su ba sai ya tambayi dalili ba.

Shekara uku ke nan rabon Tela da mijinta. Karatu ya kai shi waje, yana yi yana aiki a gidan kula da tsofaffi, sai bana ya cika sharuɗɗan ɗauko iyali. Ga kuma sabuwar doka na tafe: daga ƙarshen wannan wata, ɗalibi irinsa ba zai ƙara ɗauko kowa ba. Wanda ya shiga ya shiga, wanda bai shiga ba sai ya rungumi ƙaddara. Saura kwana goma sha ɗaya.

Lambarta arba'in da bakwai. Allon bango na nuna talatin da tara.

Ta samu wuri kusa da wata dattijuwa mai gilashin ido a ƙarshen hanci. Kafin ɗuwawu ya ɗumama kujera, Tela ta san cewa tsohuwar ungozoma ce, za ta je ganin jika, kuma wannan ne zuwanta na uku, ta san ɗakin kamar yunwar cikinta.

"Kawo in jera miki, 'yata," in ji Ungozoma. "Mutanen nan in ka miƙa musu takardu a hargitse, sai su ɗauka haka rayuwarka take."

Tela ta miƙa mata jakar. Yaran sun tafi wajen tankin ruwan sanyi suna rigimar wa zai fara danna famfo. Ungozoma ta ɗora takardar aure a sama, ta sa wasiƙar makarantar miji a ƙarƙashinta, ta ɗauko takardun haihuwa guda biyu ta haɗa su gefe da gefe. Sai hannunta ya tsaya.

"Tagwaye ne?"

"A'a, Inna."

"To, ikon Allah." Ta tura gilashinta sama, ta ƙara dubawa. "Wannan Fabrairu. Wannan Yuli. Shekara ɗaya, uwa ɗaya." Ta lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya har hannun ya dunƙule. "Wata biyar. 'Yata, shekara talatin ina karɓar haihuwa, ban taɓa ganin mai sake haihuwa bayan wata biyar ba sai akuya."

Tela ta miƙa hannu. Ta karɓi takardun ta zuba musu ido, kamar yau ta fara ganinsu.

Gaskiyar magana, Wushirya 'yar yayarta ce. Yayar ta rasu jaririyar na wata shida, lokacin Tela na jegon Kumatu. Uban, wani direban babbar mota, ya kawo ta naɗe a tawul, ya yi kuka, ya tafi, har yau ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Tela ta sa ɗaya a nonon dama, ɗaya a na hagu, shi ke nan. Da lokacin shiga makaranta ya yi, mijinta ya je ya yi musu takardun haihuwa rana ɗaya. Aka tambaye shi ranakun haihuwa, ya faɗi gaskiya. Aka tambaye shi sunan uwa da uba, ya faɗi abin da ke ransa. Da ya zo cike fom ɗin biza kuma, a gurbin 'ya'yan da kuka haifa, ya rubuta biyu.

Haba, bawan Allah! Mutum mai digiri biyu yana neman na uku, a ce ya kasa ƙirga daga Fabrairu zuwa Yuli? Amma ita ma Telar sau nawa ta riƙe takardun nan? A gidansu ba wanda ya taɓa yin wannan lissafi, don ba wanda ya taɓa bukatarsa. Ita kuwa yarinyar, ba a taɓa gaya mata ba. Kullum Tela sai ta ce bari ta ƙara wayo.

Allo ya yi ƙara. Arba'in da biyu.

"Ki ce kuskuren mai buga takarda ne," wani mutum mai ƙaton agogo ya sako baki daga layin baya, ashe kunnensa na wurin tun ɗazu. "Ki ce shekara guda aka ci. Ki dake kawai, ki kalli matar ido cikin ido. Ni da kike gani..."

"Kai da take gani har yanzu kana kan layi," in ji Ungozoma, ko juyowa ba ta yi ba. Ta rage murya. "Saurara, 'yata. In suka yi shakka, gwajin jini za su tura ku. Jini kuwa ba ya kara. In suka kama ki da ƙarya, shekara goma ba ke ba ƙasarsu, ke da yaran duka, shi ma mijin naki su bi ta kan takardunsa."

"In na faɗi gaskiya fa?"

Ungozoma ta kalli yaran a wajen tanki. Ta mayar mata da jakar.

Tela ta laluba jaka neman waya, hannunta ya ci karo da lambar roba. Tsoro ya kama ta. Ta fita ta kira mijinta? Wanda ya fita ya rasa layinsa, haka aka rubuta a ƙofa, kuma ba a samun wata ranar ganawa kafin ƙarshen wata. Ta dubi tagogin nan uku na gilashi. Kowace da lasifika, kuma duk abin da aka faɗa a wurin, rabin ɗakin na ji. Yanzu ma ga wani yana rantsuwa a taga ta biyu, kowa ya san nawa ne albashinsa.

Yaran suka dawo. Wushirya ta kawo mata ruwa a kofin roba, tana tafiya a hankali kada ya zuba.

"Mama, kin tuna adireshin Baba? In tambaye ki?"

Ita ce ta yi sati biyu tana yi wa uwar bita, tana zama a kan teburin yankan yadi da fuskar jami'a. Tela ta karɓi kofin.

"Na tuna. Zauna."

"Mama, gumi kike yi."

"Na ce ki zauna!"

Arba'in da biyar. Arba'in da shida bai zo ba, ko ya zo ya gudu, oho. Allo ya tsallake shi.

Taga ta ɗaya. Bayan gilashin wata jami'a ce mai gajeren gashi, a gefenta tafinta, saurayi mai sanyin murya. Tela ta tura takardu da fasfo uku ta ƙarƙashin gilashi. Ta so ta bar yaran a kujera, aka ce a'a, duk mai neman biza sai an gan shi. Suka tsaya, Wushirya a damanta, Kumatu a hagunta.

Yaushe kuka yi aure? Ta amsa. Me mijinki ke karanta? Ta amsa. A ina yake zaune? Ta kawo adireshin tiryan-tiryan, ta ji Wushirya ta ɗan matse mata yatsa, alamar ta ci. Jami'ar tana bugawa tana gyaɗa kai. Har Tela ta fara cewa a ranta ko Allah zai rufa asiri, sai matar ta ɗauki takardun haihuwar, ta haɗa su gefe da gefe, daidai yadda Ungozoma ta yi.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta yi magana, tafinta ya matso kusa da lasifika.

"Ta ce, yaran nan biyu, ke kika haife su duka?"

Ɗakin ya yi tsit, ko kuwa kunnen Tela ne ya toshe. Ƙaryar na nan a kan harshenta, a shirye, kalma ɗaya ce tak. Ta tuna mijinta yana wanke tsofaffin wasu, shekara uku, don wannan rana. Ta tuna shekara goma.

"Ni na shayar da su duka biyun," ta ce.

Tafinta ya fassara. Jami'ar ta girgiza kai, ba da faɗa ba.

"Ta ce ta gane. Amma haihuwa take tambaya."

"Ɗaya na haifa."

"Wacce?"

Tela ta nemi ɗaga hannu, hannun ya ƙi. Ta nuna wa? Ta nuna Kumatu, Wushirya na kallo? Shekara tara ba ta taɓa yanka musu yadi daban ba, yau a ce ta raba su da yatsa a gaban baƙi? Ta tsaya baki buɗe, hawaye na taruwa, tafinta na jira, jami'a na jira.

"Ni ce ba ta haifa ba."

Wushirya ce. Ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa don bakinta ya kai lasifika.

"Mamata ta farko ta rasu ina jaririya. Yayar Mama ce. Ba ƙarya Baba ya yi ba, mantawa ya yi."

Tafinta ya gyara murya, ya fassara. Jami'ar ta ajiye biro. Ta yi tambayoyi, Tela ta amsa su duka, ba ta ɓoye komai ba: rasuwar, direban, ranar da aka yi takardun. Matar ta tashi ta shiga ciki da fasfo ɗin. Minti goma da ta yi, Tela ba ta iya kallon dama ba.

Da ta dawo, ta ajiye fasfo biyu a gefe guda, ɗaya a gefe guda da farar takarda a kansa.

"Ta ce ta yarda kuskure ne, ba za ta rubuta shi a matsayin ƙarya ba," in ji tafinta. "Ke da ƙaramar an amince. Babbar kuwa sai an kawo takardar rasuwar mahaifiyarta, da takardar kotu ta riƙo, da sa hannun mahaifinta, sannan a sake nema."

"Kafin ƙarshen wata?"

Tafinta bai ma juya wurin jami'ar ba. "Kotu kaɗai tana cin wata shida, Yaya."

"In an sake nema bayan nan, za a ba ta?"

Wannan karon ya tambaya. Amsar gajeriya ce.

"Ta ce ba za ta yi miki alkawarin abin da ba ya hannunta ba. Ta ce ki bar biyun nan a buga muku. In kika janye su, ku ma sabuwar doka ta hau kanku."

Wushirya ta ja gefen mayafin Tela. "Mama, ku tafi. Zan zauna wurin Kaka. Ba zan yi rigima ba, wallahi."

Nan ne Tela ta ji wani abu ya taso mata, haushi ne ko tausayi, ba ta tsaya bambancewa ba.

"Rufe min baki! Wa ya sa da ke?" Ta zura hannu ƙarƙashin gilashi, tafin a buɗe. "Ka ce mata na gode. Ta ba ni duka ukun."

"Yaya, kin gane abin da..."

"Na gane. Uku na kawo."

Jami'ar ta kalle ta, ta kalli yaran, ta haɗa fasfo ukun ta turo. Da suka juyo, mai ƙaton agogo ya buɗe baki zai yi magana, Ungozoma ta ɗaga masa yatsa ɗaya, ya mayar da bakinsa ya rufe.

A waje rana ta take. Tela ta karɓi wayarta, ta ja yaran zuwa inuwar katanga, ta durƙusa har fuskarta ta yi daidai da ta Wushirya.

"Tun yaushe?"

"Tun ina aji biyu. Kin aike ni ɗauko almakashi a durowar keken ɗinki, na ga hoton wata mai irin haƙorana, ta riƙe jaririya. Na tambayi Kaka." Ta sunkuyar da kai. "Ban faɗa ba ne don na ga kamar ba kya son ki sani na sani."

"Ni ma na sani," in ji Kumatu, don kada a bar ta a baya.

Tela ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta rungume su har suka fara ƙorafin zafi. Wayar ta ɗauki ruri a hannunta. Kira na goma sha biyu ke nan.

"Kun fito?" Muryar mijin cike da murna, ana jin ƙarar ƙarfe a kusa da shi. "Gadon nake haɗawa, mai hawa biyu, saura tsani kawai. Tambaye su wa ke son sama, kada su zo su cinye ni da rigima. Ya ake ciki, an samu?"

Tela ta share ido da bakin mayafi.

"Baban yara," ta ce, "wata nawa ne tsakanin 'ya'yanka?"

"Wane irin wata kuma? Ai..."

Ta ji shi yana ƙirgawa, ta san lokacin da ya kai biyar, don a lokacin ne wani ƙarfe ya faɗi ƙasa ya gangara. Ta jira ya tambayi biza, ya tambayi doka, ya tambayi shekara ukunsa.

"Ta ji?" ya ce.

"Ita ta amsa musu."

Numfashinsa kawai take ji, daga can nesa.

"Ba ni 'yata."

Tela ta miƙa wa Wushirya wayar.