Zaren Auduga

Umair, ɗana na biyu, ya zo hutun sati uku daga ƙasar waje inda yake tuƙa tanka. Ni tela ne a Mandawari, don haka kafin ya sauka na ɗinka masa riguna uku na yadi mai sheƙi, ya riƙa sawa a wurin aiki. Ya shafa su, ya yi godiya, sannan ya sunkuyar da kai.

"Baba, waɗannan sai dai ranar Juma'a. Ba a shiga wurin lodi da yadin roba, ko da a ƙarƙashin kayan aiki ne."

Na tambaye shi dalili, kuma da na sani ban tambaya ba. Ashe ba fetur yake ɗauka ba, kamar yadda nake gaya wa mutane a majalisa. Wata iska ce mai suna haidurojin, da ake sanyayawa har ta zama ruwa. Ya ce sanyinta yana ƙona fata kamar garwashi. Kafin a juye ta sai an haɗa motar da ƙasa da waya, an kuma kore iskar da ke cikin tiyo. In ta yi yoyo ba ta wari. In ta kama da wuta da rana, da ƙyar ido yake ganin harshen wutar.

"Ka san tsat-tsat ɗin nan da rigar roba take yi in mutum ya cire ta? To shi kaɗai ya isa ya tayar da ita."

Mahaifiyarsa Hassana ta ajiye ludayi. "Kai ɗin? Kai da ko ashana ba ka ƙyastawa sai ka ƙone yatsa?"

Suka yi dariya. Ni ban yi ba. Kwana biyu abinci ya ƙi shiga, har Umair ya lura. Ya same ni a shago, ya durƙusa gefen keke.

"Baba, in ka ce in zauna, na zauna."

Na san da gaske yake. Na kuma san shekara biyar ya yi yana yawon neman aiki kafin ya sami wannan. Na ce ya je, zan neme shi.

Washegari na shiga kasuwar Kwari na nemi farin yadin auduga. Na gwada shi irin gwajinmu na teloli: a yanki ƙyalle a sa masa ashana. Auduga toka take zama, roba kuwa ta nannaɗe ta daskare. Wannan ya zama toka. Na ɗinka masa 'yan ciki uku.

Ina yanke zaren ƙarshe sai wani tunani ya faɗo min. Na ƙona bakin zaren, ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙullutu. Shekara talatin ina ɗinki, ban taɓa tunanin gwada zare ba. Na ɗauki reza na fara farke su ɗaya bayan ɗaya. A haka Umair ya tarar da ni.

"Haba Baba, har zare? Ɗan wannan ai ba ya komai."

"Kai ka san tanka, ni na san zare. Riƙe min nan."

Ya riƙe gefen rigar, ina farkewa. Can ya dubi sabon ƙullin zaren auduga da na ajiye a kan keke, ya dube ni.

"Ke nan in koma?"

"Ka koma, Allah Ya tsare. Amma duk ranar da ka juye kaya ka kira ni. Ba sai ka yi dogon zance ba, sallama kawai ta ishe ni."