Abin da Barakatu Ta Ce wa Likita

Dariyar da Barakatu ta yi a ɗakin likita ce ta fara tsaya wa Aƙilu a maƙogwaro. Tun da cikin nan nata ya tsufa bai ji ta yi irinta a gida ba.

Daga Ƙarfi ya kawo matarsa awo wani asibiti a Malumfashi. Suna shiga likitan ya miƙe. "Barakatu? 'Yar ajinmu!" Sunansa Zaharaddeen, tare suka yi sakandare. Shi kuwa Aƙilu daga allo sai gonar masara. Suka juya harshe zuwa Turanci, suka bar shi riƙe da jakarta. Kalma ɗaya ya tsinta, don sau da yawa ta fito: surobin. Likita ya faɗa, ita ma ta maimaita tana lumshe ido.

Washegari ya tare Malam Sada, mai koyar da Turanci, a teburin mai shayi.

"Malam, mece ce surobin?"

"Throbbing kake nufi," in ji Malam Sada, ya gyara zama, don an sosa masa inda yake ƙaiƙayi. "Bugawa ce a kai a kai. Injin ban-ruwa in yana aiki, haka ake cewa. Ganga ma haka. Ciwo in yana zogi, ita ce. Sannan zuciyar masoyi idan ya hango abin ƙaunarsa, ita ma..."

Aƙilu ya ajiye kofi bai shanye ba.

"Ban gama ba, Aƙilu. A ina ka ji ta?"

"A rediyo."

Mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki. Inji da ganga da ciwo duk suka zube a hanya, zuciyar kaɗai ya kai gida. Yana yankan masara yana ganin idanun nan a lumshe. Ya riƙa auna kaushin hannunsa da farar rigar likita.

Da ranar komawa ta zo, Barakatu ta ɗauko mayafi.

"Ina za ki?"

"Asibiti mana, Baban Bushra. Likita ya ce kada in kuskura in fasa."

"Likita ya ce! To ni na ce a'a. Iyayenmu da suka haife mu wane likita suka gani?"

Ta dube shi jim, ta ninke mayafin. Ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ya gani, ya kau da kai.

Ranar wata Laraba da hantsi, yana masussuka, maƙwabciya ta aiko a ce masa Barakatu ta faɗi a bakin murhu tana jijjiga. Bai san yadda ya tare keke mai ƙafa uku ba. Duk tsawon hanya kanta na bisa cinyarsa, yana kiran sunanta, ba ta amsawa.

Zaharaddeen ɗin dai suka tarar. Sai bayan azahar ya fito yana share gumi.

"Allah Ya kiyaye, ta haihu, ita da yarinyar duk suna raye. Amma Malam Aƙilu, me ya hana ta dawowa? Ta gaya mini kanta yana sarawa kamar ana daka, na ce mata hawan jini ne."

 Aƙilu ya yi godiya, godiyar na masa ɗaci.

Da aka bar shi ya shiga, ya tarar da ita kwance, ana ƙara mata ruwa. Ya tsuguna a gefen gado, ya daɗe yana kallon jaririyar kafin ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Barakatu, da ciwon kai ne, me ya sa ba ki faɗa da Hausa ba?"

Ta juyo da kai a hankali.

"Ai na faɗa maka da Hausa, Baban Bushra. Kullum da safe. Ka ce in sha ruwa in kwanta."