Ajiyar Malam Issoufou

Gwaggo Rabi ta rasu ranar wata Talata a unguwar Manfuha da ke Riyadh, ta bar tsummokaran da za su iya rufe unguwa guda. Shekara talatin da ɗoriya ta yi a Riyadh tana ɗinka wa matan Hausawa kaya a cikin ɗakinta, kuma Allah ya ji ƙanta, ba ta taɓa yar da ƙyalle ba ko da bai fi tafin hannu ba. Akwatin ƙarfe bakwai ta bari, da buhunan bakko goma sha ɗaya, ga turamen atamfa da ko warware su ba a yi ba. 'Ya'yanta biyu da ke Gusau aka buga wa waya, suka ce su dai a yi sadaka da kayan, ba sa so. Mai gidan haya kuwa ya ce sati ɗaya ya bayar a kwashe. To wa za a ɗora wa in ba Khairat ba, 'yar ƙaninta, wadda ita ma ɗinkin take taɓawa?

Ai kuwa aka jibge mata. Ɗaki biyu ne gare su ita da mijinta Badamasi, direba a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, kuma dama nata ƙyallayen sun cika ƙarƙashin gado. Yanzu sai ka ratsa tsakanin akwatuna a karkace kafin ka kai banɗaki. Warin kafur da tsohon yadi ya kama labule, ya kama abinci. Badamasi ya buga ƙafa da akwati sau uku a kwana biyu.

"Khairat, ni fa mata na auro, ba kasuwar Kantin Kwari ba," in ji shi, yana riƙe da ɗan yatsa. "Ki san yadda za ki yi da su."

Ta yi iya yinta, wallahi ta yi. Ta raba atamfofi a gidajen biki, ta kai buhu biyu masallaci, har maƙwabciyarta Basudaniya ta fara ɓuya in ta hango ta da ƙunshi. Kayan dai ba su san an taɓa su ba. Da sanyi ya shigo sai ta tuna sana'ar Gwaggo ta haɗa ƙyallaye a yi bargo, a sa auduga a tsakiya. Ta zauna ta yayyanka atamfa murabba'i-murabba'i, sai ta ga launukan sun yi hayaniya da yawa, suna son fari a tsakaninsu. A ƙasan akwati na biyar ta sami abin da take nema: farin yadi mai yawa, a naɗe cikin leda an zuba masa kanumfari, duk ya yamutse kamar an wanke ba a goge ba. Ko tunani ba ta yi ba ta goge shi tas, ta sa almakashi. Sati biyu bargo ya haɗu, Badamasi ya yaba, shi yake lulluɓa da shi kullum.

Wata guda bayan haka, da hantsi, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mariamou ce, wata 'yar Maraɗi mai aikatau a gidan Larabawa, wadda Khairat ta sani a wajen zaman makokin Gwaggo. Ko abayarta ba ta cire ba ta zauna a kan akwati.

"Baba Issoufou ne ya aiko ni, ƙanen mahaifina," ta ce. "Yana asibiti a Shumaisi, kwana tara ke nan. Likita ya ce mu yi ta addu'a. Ya ce a karɓo masa ajiyarsa da ke wurin Hajiya Rabi."

"Wace ajiya, 'yar'uwa?"

"Likkafaninsa."

Khairat ta saci kallon ƙofar ɗakin kwana. Mariamou ba ta lura ba, ta ci gaba da bayani. Shekarar da Malam Issoufou ya yi aikin hajji da matarsa, sun sayi farin yadi bandir guda. Matar ta tsoma shi a ruwan zamzam da hannunta, ta shanya a rana, suka raba biyu. Ita ta koma Maraɗi, bayan shekara uku ta rasu, aka sa ta a nata rabin, shi yana nan yana gadi bai ko ga gawarta ba. Nasa rabin kuma ba ya da inda zai ajiye a ɗakin da maza shida suke kwana, shi ya sa ya damƙa wa Hajiya Rabi amana.

"Ya ce yana cikin leda, da kanumfari a ciki saboda asu. Ba abin da yake ambata sai shi."

Bargon na nan a kan gado, ƙofar ɗakin a buɗe, taku huɗu daga inda Mariamou take zaune. Khairat ta miƙe ta ja ƙofar. Bakinta ne ya riga ta magana.

"Kayan da yawa, kin gani da idonki. Ki ba ni zuwa gobe in bincika."

Da baƙuwar ta fita, ta jawo bargon ƙasa ta hau ƙirga fararen. Guntu ɗari da arba'in, kowanne bai wuce tafin hannu ba, allura ta bi ta huda su ko'ina. Ta ɗauko reza ta fara farke ɗinki, ta cire uku, ta jera su a cinya, sai ta fashe da kuka. Ko ta haɗa su me za su zama? Wa ya taɓa ganin gawa a cikin faci ɗari da arba'in? Ga warin turaren Badamasi da guminsa sun kama su. Tsoro ya cika ta, tsoron Allah da na bakin mutane, kuma ita kanta ta san na biyun ya fi ƙarfi a wannan rana. Haushin Gwaggo ma ta ji. Haba Gwaggo, ki riƙe wa mutum likkafani ki kasa gaya wa kowa?

Ta so ta faɗa wa Badamasi da ya dawo cin abinci. Ya shigo a gajiye, ya ci shinkafa, ya ja bargon ya rufe har kansa don ya ɗan runtsa kafin la'asar. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa a miƙe samɓal, ba motsi. Ba ta san lokacin da ta fizge bargon ba.

"Ke lafiyarki kuwa?"

"Wanki zan yi," ta ce.

Da ya fita ta zura abaya ta tafi shagon yadi na wani ɗan Yemen a bakin titi, ta sayi farin yadi mai kama da wancan. Suna da jarkar zamzam da aka kawo musu daga Makka. Ta juye rabinta a roba, ta tsoma yadin, ta matse, ta shanya a saman bene don ya yamutse. Ta naɗe shi a tsohuwar ledar, ta watsa kanumfari daga kicin. Aikin ya fito tsaf, kuma kyan da ya yi ne ya ƙara tayar mata da hankali.

Washegari lokacin ziyara suka shiga asibitin ita da Mariamou. A hanya Khairat ta yanke shawara sau biyar za ta faɗi gaskiya, ta warware sau biyar. Malam Issoufou na kwance a gadon kusa da taga, an sa masa robar iska a hanci, ya rame har ƙasusuwan fuskarsa sun fito. Idanunsa sun yi fari-fari, ba ya gani sosai. Abokan ɗakinsa biyu na tsaye a gefe.

"Baba, ga 'yar Hajiya Rabi ta kawo," in ji Mariamou.

Ya miƙo hannu biyu. Aka buɗe ledar aka ɗora masa a ƙirji. Ya daɗe yana shafa yadin da yatsu, a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan. Khairat ta zuba wa yatsunsa ido. Ta ce a ranta in ya gane, ta huta, za ta durƙusa ta faɗi komai. Ya kai yadin hancinsa, ya shaƙa, hawaye suka gangaro ta gefen idonsa zuwa kunne.

"Shi ne," ya ce. "Hannun matata ya taɓa wannan. Alhamdu lillahi, yanzu ko yau aka kira ni na shirya."

"Baba..." in ji Khairat.

"Matso, ɗiyata." Ya lalubo gefen mayafinta ya riƙe. "Rabi ta riƙe amana shekara goma sha huɗu, ke kuma kin iso da ita. Ba ni da abin ba ki. Amma zan faɗa a gaban Allah cewa kin cika. Allah ya haɗa ki da wanda zai riƙe miki taki amanar kamar yadda kika riƙe mini tawa."

"Amin," in ji mazan biyu. "Amin," in ji Mariamou, tana share ido.

Tsohon bai saki mayafin ba. Ya karkato da kunnensa wajenta yana jira. Mariamou ta taɓa ta da gwiwar hannu.

"Ki amsa mana, addu'a yake miki."

Khairat ta dubi yadin a ƙirjinsa, yana hawa yana sauka da ƙyar. Ta buɗe baki.

"Amin, Baba," ta ce.