Fitowa ta Biyar

…kuma ba wanda ya taɓa mata kujerar, shi ne abin mamakin. Tana nan yadda ta bar ta, ƙafa ɗaya a karkace, matashin a ɗaure da tsohuwar wayar caja. Wata da watanni. Shanyewar ɓarin jiki ta kayar da ita, ta kwanta, ta tashi, ta sake koyon riƙe cokali — kujera na nan tana jira. Mutanen kirki. Ko kuwa ba mai son karkatacciyar kujera ne? Dariya na zuwa, rabin fuska na riga rabi.

Ɗazu Oga ya ce, “Anti, kar ki takura kanki. Mai ɗauri kawai za ki sabunta mana, daga fitowa ta huɗu zuwa ta biyar. A hankali.”

Kawai. Wai kawai!

Mai ɗauri… sunan da suka laƙaba wa shirin da ke tattara fayilolin JavaScript ɗinsu, ɗaruruwa, ya matse su ya ɗaure dami guda, don shafin intanet na kantin maganinsu ya buɗe a wayar mutum kafin ya yi furfura. Ita ta tsara masa saiti tun farko. Da hannun dama — wannan da ke kwance a cinya yanzu kamar baƙo mai kunya. In ta kasa yau ba wanda zai ce uffan. Abin tsoron ke nan. Sannu za su yi ta yi mata, su kawo mata ruwa, su miƙa aikin ga wani a ɓoye, ita kuma ta gane cewa ba hannun kaɗai ya tafi ba.

To, bismillah. Bayanin sauye-sauye. Karanta, baiwar Allah, layi-layi.

An cire ƙarin da ke kula da hotuna, yanzu shi da kansa yake yi. Madalla, goge shi. Yatsa ɗaya, hagu, ƙwas… ƙwas… An canza wa wani saiti suna — me ya yi wa masu shirin, sunan da? Haka likita ma, kullum da sabon sunan magani, ƙanwarta tana karanto mata a bakin gado tana tuntuɓe da harshe, “Yaya, wannan magani ne ko sunan aljani?” Warin asibiti. Fankar da ke juyawa tana ƙara. A’a. Nan ofis ne, ga na’urar sanyi tana ɗiga cikin bokiti. Dawo.

An daina kula da tsofaffin burauza, manhajojin buɗe shafin intanet. Wayyo. To tsofaffin da ke odar maganin hawan jini da wayoyin da jikoki suka gaji da su fa? Wayar Mama fa, mai fasasshen gilashi? Haka kawai a rufe musu ƙofa? Tsaya… ga shi a ƙasa, sun bar hanya: layi ɗaya za ka ƙara, ya ci gaba da yi musu. Wani ya tuna da su. Wani, a wani ɗaki, ya ce kar a yar da su. Allah Ya yi masa albarka, ko wane ne.

Tana danna masa ya fara ɗauri. Ja. Kuskure.

Zuciya ta buga — shi ke nan, ga shi, kan nata ne, kan ya — a’a. Duba dai. A fitowa ta huɗu da sai ya zubo maka shara shafi guda, ka yi ta tono kamar mai neman ɗan kunne a yashi. Wannan kuwa ga fayil ɗin, ga layin, ga ’yar kibiya tana nuna wurin: waƙafi ya ɓace. Waƙafi! Yatsar ce ta tsallake, ba kan ba. Ba kan ba ne. A sake faɗa: ba kan ba ne.

Gyara. Danna. Kore.

Har ya gama? Da can sai ta je ta haɗa shayi ta dawo yana nan yana nishi. Yanzu yana tuna abin da ya riga ya ɗaure, ba ya maimaitawa. Mai ɗauri ya yi hankali a bayanta. Kowa ya yi gaba a bayanta, ɗanta ma ya koyi ɗaura igiyar takalmi, ba ita ta koya masa ba…

Saura sashen gyare-gyare, na can ƙasa, wanda ba mai karantawa. An gyara matsalar da ke lalata haruffa masu lanƙwasa yayin matse fayil. Da godiya ga — 

Ita? Laƙabinta ne wannan. Nata.

Oh. Ta tuna. Matsalar nan da ke mayar da ƙ da ɗ da ɓ alamar tambaya, mai ciwon ƙafa ya buɗe shafi ya ga ciwon ?afa, Oga yana dariya yana cewa shafin ma tambayar mara lafiya yake yi. Ta rubuta wa masu shirin koke, da safe ne, ta kawo misali, kalmar da ta fara faɗo mata. Da yamma kofi ya suɓuce daga hannunta. Daga nan sai silin asibiti.

Tana buɗe zaren koken, inda ake ta musayar saƙo a kansa. Wani ya ɗauka. Ba suna, ba fuska, hoton koren kwaɗo kawai. Bai san harshen ba, ya faɗa da kansa, ya ce haruffan sun yi masa kyau, kamar masu ɗaga hannu. Ya yi ta bi, ya gwada ya kasa, ya sake. Dubi kwanakin… lokacin da ake juya ta a gado kamar buhu, lokacin da take kuka don ta kasa cewa ruwa, wani bawan Allah yana zaune yana fama da ƙ ɗinta. Don me? Wa ya aike shi?

Kuma ya sa gwaji, don kar matsalar ta sake dawowa. Kalmarta ya ɗauka yadda take: ƙanwata. Ke nan duk sanda za a fitar da sabon mai ɗauri, ko’ina a duniya, sai inji ya tsaya ya tabbatar ƙanwata na nan lafiya, ba abin da ya taɓa ta. Yarinyar da ta ajiye karatunta ta zo tana yi mata wanka, tana tsokanarta, “Yaya, kin yi nauyi, ashe ciwo bai hana ki ci ba.” In ta ji wannan cewa za ta yi, to a biya ta haya.

Ido yana cika. Ba a nan ba, don Allah, ga Oga can yana satar kallo ta saman allonsa.

A ƙarshen zaren akwai saƙonninsa. Ko za ki gwada a wajenki, ki gaya mini in ya yi? Shiru. Bayan wani lokaci: ina jiranki, ba gaggawa. Shiru. Sai na ƙarshe, kafin ya rufe: ban ji daga gare ki ba, ina fata dai lafiya.

Ga akwatin amsa a buɗe, ɗan layin yana ƙiftawa. Ya yi, ɗan’uwa, ya yi. Lafiya kuwa… ta ina za a fara? Da kofin? Da cokalin? Kafaɗa ta yi nauyi kamar an ɗora mata dutse, ko azahar ba a yi ba. Na — ta rubuta. Na go —

Bari ta ɗan huta tukuna. Kaɗan kawai.